Malam Barau da Kalkuleta Mai Launi

A ofishin malamai na makarantarmu da ke Gwaram, duk wanda yake sauri ba ya tambayar Malam Barau ra'ayinsa a kan komai. Ko alli biyu ka miƙa masa ka ce ya ɗauki ɗaya, sai ya juya wannan, ya juya wancan, ya gwada su a bayan ƙofa, ya bayyana maka wanda ya fi ƙura da wanda ya fi saurin karyewa, har a kaɗa ƙararrawa ɗalibai suna can suna jiran malamin lissafi. Ni Hausa nake koyarwa, kuma teburina yana jikin nasa, saboda haka na fi kowa shan bayanin da ban nema ba.

Mutumin Fagam ne, ɗan Malam Yunusa manomin dawa da riɗi. Mutanen garinsu sun ce da ruwan idon nan aka haife shi. Yana saurayi mahaifinsa ya taɓa aikensa kasuwa ya sayo tunkiyar kiwo. Ya tafi da hantsi, ya dawo rana ta yi sanyi, ga igiya a hannu, babu komai a ƙarshenta. Ya durƙusa ya yi wa tsohon bayani tiryan-tiryan. Akwai fara doguwa, amma haƙoranta sun nuna shekaru. Akwai baƙa mai ƙuruciya, amma ƙafarta ta baya ba ta gamsar da shi ba. Akwai ta uku wadda bai ga aibunta ko ɗaya ba, kuma abin da ya sa ya zarge ta ke nan. Malam Yunusa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla. Je ka ɗaure bayanin a turke ka zuba masa dusa." Daga wannan shekarar aka daina aikensa kasuwa, aka bar shi da karatun boko, inda ɓarnarsa ba za ta taɓa tukunyar gida ba.

A makaranta ya kamu da son lissafi, kuma ina jin na san dalili. Lissafi ne kaɗai wurin da ba a ce masa ya zaɓa. Amsa ɗaya ce, ko ka same ta ko ba ka same ta ba. Ya yi kwalejin horon malamai, aka turo shi wurinmu, kuma maganar gaskiya ya iya koyarwa. Idan aka zo darasin giraf, wato zanen nan da ke nuna yadda lissafi yake hawa da sauka a kan layi biyu masu gicciye, sai ya shigo aji da zare da ƙusa da alli, ya ja lanƙwasa a allo sumul kamar bakin ƙwarya. Ɗalibai kan hana a share ta har washegari. Aure ma ya yi, amma ba a ɗora masa wahalar zaɓe ba. Juwairiyya, mai ɗinki a unguwarsu, ita ce ta gaya wa yayarta cewa malamin nan da ke wucewa ta ƙofar gidansu yana waiwaye ya yi mata, magana ta je wurin manya. Ta sha faɗa a gabansa, "Da na jira Malam ya gama nazari, da da sanda za a kai ni ɗakin aure."

Wata shekara aka kira malaman lissafi bita a Birnin Kudu. Wata Malama Munawwara ce ta zo daga Dutse ta jagoranci bitar, kuma ana dab da rufewa ta fito da wata kalkuleta mai faɗin fuska, ta danna mata lissafi, sai ga na'ura tana zana giraf da kanta. Lanƙwasar da Malam Barau yake cinye rabin darasi yana ja da zare, abar nan ta fitar da ita kafin ya gyara zama. Da ya dawo ya ce min ji ya yi kamar wanda ya tsufa yana jan ruwa da guga, yau aka nuna masa famfo.

Kusa da shi a ɗakin bitar akwai wani dattijon malami, Malam Hambali, wanda yake koyarwa a wata sakandare a cikin Birnin Kudu. Kowa yana miƙa wuya yana salati, shi yana hamma. Da aka tashi sai ya zuge jakarsa ya ciro irin wannan kalkuletar, tsohuwa, ruwan toka, rubutun maɓallanta har ya fara gogewa. Ya ce ya daɗe da sayenta ta hannu a Kano, ta faɗo daga kan babur ba ta ko yi tari ba, kuma ya cika ta da manhajojin da ya rubuta da kansa. Manhaja a nan ba komai ba ce illa jerin umarni da mutum yake shigar wa na'urar, ta yadda gobe lambobi kawai zai ba ta, ita ta bi hanyar ta fito da amsa. Yana da ta warware lissafin da ake neman abin da ba a sani ba, yana da ta fitar da matsayin ɗalibai a aji, da wasu barkatai.

"In ka sayi taka ka kawo in zuba maka," in ji shi. "Ba wani aiki ba ne."

Malam Barau ya yi godiya. Daga ranar suka zama abokai, irin abokan nan da kowanne yake roƙon Allah ya ja da ran ɗan'uwansa don kada ya rasa wanda zai ƙure.

Sayen kalkuleta a wurin mutum mai lafiya aikin yini ɗaya ne. Malam Barau ya je shagon kwamfuta na wani Iliyasu da ke kusa da tasha a Birnin Kudu, aka buɗe masa intanet, a nan ya ci karo da abin da ya hana shi sukuni shekaru. Ashe kamfanin da ya ƙera ta Malam Hambali ya fitar da sabuwa. Sun zama biyu ke nan, kuma an ajiye su a gaban mai ruwan ido.

Ni da lissafina bai wuce na canjin mai shayi ba, yau ko daga barci ka tashe ni zan faɗa maka bambancinsu. Tsohuwar kauri gare ta kamar sabulun wanki. Fuskarta baƙi da fari ce, ba ta da haske, sai ka karkata ta wajen taga. Cikinta ƙarami ne, ba ta ɗaukar kaya da yawa, in tana zana giraf kuma tafiyar hawainiya take yi. Amma batir take ci, irin na ƙaramar tocila, wanda ko a teburin mai sayar da ashana za ka samu. Sabuwar siririya ce, fuskarta tana haske kamar ta waya, kowane layi da launinsa, ga sauri, cikinta kuwa rumbu guda. Sai dai batirinta a jikinta yake, sai an yi mata caji. Sannan ga babbar magana, wadda Malam Barau yake rage murya in zai faɗe ta kamar yana tona asirin gidan wani: ko da yake uwa ɗaya uba ɗaya suke, injin cikinsu daban ne, girman fuskarsu daban ne, don haka manhajar da aka rubuta wa yayar ba lallai ƙanwar ta ji yarenta ba.

Kowace Asabar sai ya hau babur ya nufi Birnin Kudu. Iliyasu har kujera ya ware masa. Ya karanta abin da Turawa suka ce, ya karanta abin da Indiyawa suka ce, ya kalli bidiyon wani bawan Allah da ya kwance kalkuletar yana nuna kayan cikinta ɗaya-ɗaya kamar mahauci. Ran Litinin ya zo ya sauke mana. In ya kwana a kan tsohuwa sai ya tashi a kan sabuwa. Makon da aka yi babu wuta, tsohuwa ce sarauniya. Makon da ya ga hoton giraf mai launi uku, sai ya ce ai mai hankali ba ya komawa baya.

A gida Juwairiyya ta taɓa tsayar da keken ɗinki ta tambaye shi.

"Malam, wacce ce a cikinsu take zana layin nan?"

"Duka biyun."

"Wacce ce amsarta daidai?"

"Duka biyun mana."

"To ka rufe ido ka ɗauki ɗaya."

Ya zo ya ba ni labarin nan cikin jimami, ya ce lallai ya kamata gwamnati ta ƙara ba ilimin mata muhimmanci.

Ɗaliban da suka fara jin labarin kalkuletar suna aji ɗaya suka gama makaranta, wasu har suka yi aure. Aka canza mana shugaban makaranta. Iliyasu ya faɗaɗa shago ya sa tayil, wasu suka ce albarkacin Asabar ɗin Malam Barau ce. A tsakanin nan wayoyin shafawa suka cika gari, malamin kimiyyarmu ya nuna masa wata manhaja a waya wadda take zana giraf kyauta, da launi da komai. Malam Barau ya kalle ta kamar naman da ba a san wanda ya yanka ba. Ya ce waya abar hira ce, shi kuwa lissafi yana buƙatar maɓallin da za ka danna ka ji ya nutse. Ya koma kan bincikensa.

Abin da bincike ya kasa, baƙar magana ta yi shi. A wani taron malaman lissafi na shiyya, ana cikin cin abinci, wani sabon malami ya yi kuskuren tambayar wace kalkuleta ya kamata mutum ya saya. Malam Barau ya ajiye cokali, ya gyara hula, ya fara. Ya yi nisa a batun batir sai Malam Hambali ya ce, ko ɗagowa daga kwanonsa bai yi ba, "Ka saurare shi da kyau, Malam. Duk faɗin Jigawa babu wanda ya kai shi sanin dokin da bai taɓa hawa ba."

Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su ji farkon zancen ba. Malam Barau bai ƙarasa shinkafarsa ba. Ya zarce shagon Iliyasu ya ce a aika Legas a kawo masa sabuwar, mai launi. Riɗin da ya noma bana yana nan a buhu, gobe za a kai shi kasuwa.

Iliyasu ya ce, "Malam, ka dai tuna yanayin wuta a Fagam."

"Na tuna."

"Manhajojin Malam Hambali fa? Kai da bakinka ka ce ba lallai su hau ba."

"Ni na gaya maka, yanzu kuma kai za ka gaya min? Wadda ba shi da ita nake so."

A kan wannan magana nazarin shekaru ya ƙare. Kafin ya isa gida fushin ya fara hucewa, ruwan ido ya dawo, ya tsaya a gefen titi ya kira Iliyasu zai ce a dakata. Iliyasu, wanda ya san mutuminsa, ya riga ya kashe waya. Juwairiyya kuwa da ta ji za a sayar da riɗi, cewa ta yi a sayar, in dai za a daina kiran sunan abar nan a kan tabarmar cin tuwo.

Ranar da ta iso, ya shigo ofis da ita a cikin wata 'yar jaka mai zif da Juwairiyya ta ɗinka mata. Ya hana kowa taɓawa sai ya goge hannu. Ya zana mana jan layi, ya ɗora shuɗi a kai, ya ƙara kore, suka gicciya. Shugaban makaranta ya ce masha Allah. Malamin addini ya tambaya ko tana nuna alƙibla. A aji kuwa ɗalibai cike suke har bakin ƙofa, ita kuma fuskar kalkuleta ba ta kai tafin hannu ba. Aka riƙa miƙa ta daga benci zuwa benci, kafin ta kai layin baya an tashi. Na baya suka ce sun dai ji labari tana da kyau. Mako na biye ya koma wa zarensa da ƙusa, kalkuleta tana kan tebur tana kallo. Da ɗalibai suka tambaya ko za a bar su su shiga jarrabawar ƙarshe da irinta, ya ce a'a, ba a shiga da mai ajiye manhaja. Wannan ma ya san shi tun tuni. Babu abin da bai sani ba.

Sai batun caji. Wuta a unguwar su Malam Barau baƙuwa ce mai kunya, in ta leƙo ba ta zama. Dole ya riƙa kai kalkuletar rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, a liƙa mata lamba a jera ta cikin wayoyin jama'a. Wata rana ya karɓe ta, yana zaune a bencin rumfar yana dannawa, sai wata tsohuwa ta miƙo masa kati ta ce ya cire mata saƙon da jikanta ya turo. Ta ɗauka na'urar masu cirar kuɗi ce. Ya gyara zama ya yi mata bayani cewa wannan giraf take zanawa. Tsohuwa ta ce in babu sabis ya gaya mata gaskiya, ba sai ya yi mata Turanci ba.

Duk wannan bai dame shi ba, domin ranar da yake jira ita ce Asabar ɗin da zai kai ta gidan Malam Hambali. Ya sa babbar riga. Aka yi musu shimfiɗa a soro, Hajiya Kubra matar gidan ta aiko da zoɓo. Malam Hambali ya karɓi sabuwar, ya juya ta gaba da baya, ya auna ta a tafin hannu, ya ce, "Ba ta da nauyi." A bakinsa wannan ba yabo ba ne.

"Ka ce in na saya in kawo ka zuba min," in ji Malam Barau.

Malam Hambali ya ɗauko igiyar da ake haɗa kalkuleta da kalkuleta. Bakin igiyar zagayayye ne, ramin sabuwar kuwa mai kusurwa. Suka gwada ta sama, suka gwada ta ƙasa, kamar ramin zai ji kunyar manya ya canza. Daga nan suka ɗunguma shagon Iliyasu, aka juye manhajojin a kwamfuta, daga kwamfuta aka tura su cikin sabuwar. Suka shiga lafiya lau. Malam Barau ya danna ta farko, na'ura ta rubuta cewa akwai kuskure. Ta biyu ma haka. Ta uku ta buɗe, amma rubutun duk ya taru a lungu ɗaya na fuskar kamar tururuwa ta samu sukari, giraf ɗin kuma ya fita ta gefe bai dawo ba. Da aka taɓa ta huɗu, kalkuletar ta ɗauke gaba ɗaya, sai da aka sake kunna ta.

Malam Hambali ya leƙa, ya daɗe yana kallo. "Kai, amma fa launin ya yi," ya ce. "Ban taɓa ganin kuskure mai kyan wannan ba."

Malam Barau ya mayar da abarsa cikin jaka, ya yi sallama, ya hau babur. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidan Malam Hambali.

Fushi dai shi ne malamin da ya fi kowa iya koyar da shi. Ya rantse ba zai sake roƙon manhajar kowa ba. Ya sa Iliyasu ya buga masa takardun koyon yaren sabuwar, ya riƙa zama a gindin darbejiyar ƙofar gidansa bayan la'asar yana shigar da umarni ɗaya bayan ɗaya. Damina ta sauka ta same shi a kai, ta wuce ta bar shi a kai. Gonarsa ta yi ciyawa har maƙwabta suka fara tambayar ko ya sayar. Sau da yawa yana tsakiyar aiki caji zai ƙare, ya zauna yana kallon baƙar fuska, Juwairiyya ta wuce da tire ta ce, "Yau kuma wane launi ne wannan, Malam?" Amma a hankali ya iya. Ranar da manhajarsa ta farko ta yi aiki, ya shigo ofis ya sa ni na ba shi lambobi da ka, ya danna, ya nuna min amsa. Na ce daidai ne. Da ba daidai ba ne ma haka zan ce. Ya rubuta ta biyu, ya rubuta ta uku, kuma duk wanda za shi Birnin Kudu sai ya tsayar da shi ya nuna masa, da fatan labari zai kai inda ake so ya kai.

Labarin da ya dawo daga can daban ne. Iliyasu ne ya gaya masa cewa Malam Hambali ya yi ritaya, kuma idanunsa sun yi yana. An yi masa aiki, ɗaya ya ɗan samu sauƙi, ɗayan sai a hankali. Malam Barau ya shiga nazarin ko ya je ko kada ya je, da hujjojin kowane ɓangare, har Juwairiyya ta gaji ta dama fura ta ɗaure masa kwanon a bayan babur. Ta ce ita dubiya iri ɗaya ce, babu mai launi babu baƙi da fari.

Ya same shi a ƙofar gida, ya baro inuwa ya zauna cikin rana, yana riƙe da tsohuwar kalkuletar dab da hancinsa, yana karkata ta hagu da dama. Suka gaisa, aka yi ya jiki, aka yi Allah ya ƙara sauƙi.

"Batirinta ne ya yi sanyi," in ji Malam Hambali. "Batiran yanzu ba su da kirki."

Malam Barau ya karɓa ya duba. Rubutu raɗau yake, babu abin da ya samu batir. Ya ciro tasa daga jaka, ya kunna, ya ƙure haskenta, ya zana lanƙwasa guda da jan layi mai kauri, ya miƙa masa.

Malam Hambali ya kai ta fuska, sannan ya matsar da ita baya kaɗan. Ya sa yatsa ya bi layin daga inda ya gangaro har inda ya sake hawa. Malam Barau ya kau da kai yana kallon awakin da suke wucewa.

"Jan ya yi yawa," in ji Malam Hambali daga ƙarshe.

"Ana canzawa."

"Bar shi."

Da zai tafi, Malam Barau ya ce zai bar masa ita kwana biyu don ya ƙarasa gano mata sauran aibunta. Shi kuma zai tafi da tsohuwar ya duba matsalar batirin nan. Malam Hambali ya ce to, tunda ya nace. Babu wanda ya ce kyauta, babu wanda ya ce musaya, kuma har yau babu wanda ya faɗa.

Saura matsala ɗaya. Haske yana hannun Malam Hambali, amma aikinsa na shekara da shekaru yana cikin tsohuwar, da yaren da sabuwar ba ta ji. A duk Birnin Kudu da Gwaram kuwa mutum ɗaya ne zai iya yi musu tafinta. Sai tafiyar Asabar ta dawo. Malam Barau zai zo da tsohuwar, ya buɗe manhaja, ya karanto umarnin layi-layi da ƙarfi, sannan ya karɓi sabuwar ya sake rubuta shi yadda za ta gane, ya ƙara wa rubutun girma yadda idon dattijo zai kama.

Na taɓa raka shi, saboda ina da sayayya a Birnin Kudu. Na ɗauka zan ga manya biyu suna aiki cikin natsuwa da tausayin juna.

"Wannan layin ba shi da amfani," in ji Malam Barau. "Ka sa ta ta raba, sannan ka sa ta ta ninka da abin da ta raba. Wahalar banza."

"Bar min layina."

"Yana cin wuri."

"Ba kai ka ce cikinta rumbu ba ne? Zuba."

Can kuma Malam Barau ya gano cewa manhajar nan ta fitar da matsayin ɗalibai, in biyu suka yi kunnen doki, wanda harafin sunansa ya zo farko take ɗorawa a sama. Ya ajiye kalkuleta ya tafa hannu. Ya ce ashe tun zamanin da, duk wata Bara'atu tana danne duk wata Zahara'u a makarantar su Malam Hambali ba tare da laifin komai ba. Malam Hambali ya ce da gangan ya yi haka, akwai hikima a ciki, sai dai bai faɗi hikimar ba. Da Malam Barau ya juya zai sha ruwa, sai Malam Hambali ya ce ƙasa-ƙasa a gyara, tunda an riga an buɗe. Hajiya Kubra ta aiko da abinci ya huce, ta sa aka ɗauka aka ɗumamo, sannan ta yi magana daga bayan labule ta ce min, "Malam, kai dai ci abinka. Waɗannan sai ladan ya raba su."

A Fagam yanzu tsohuwar tana aiki da batirin kan tebur, Malam Barau ya daina zuwa rumfar caji. In ka tambaye shi wacce ta fi, zai ce maka mai launi, ai bayan dogon bincike ya zaɓe ta. Malam Hambali kuma yana yi wa sabuwar caji a gefen rediyonsa, yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa kayan zamani ba su da ƙarko.

Yawancin manhajojin sun hau. Guda ɗaya ce ta ƙi, wata ta auna faɗin gonar da ba ta da kusurwa huɗu. Malam Hambali ya rubuta ta ne da wata dabara da take shiga can cikin injin tsohuwar, kuma shi kansa ya manta yadda ya yi. Malam Barau ya ce a bar ta a rubuta sabuwa daga tushe. Malam Hambali ya ce shi tasa yake so. Wani manomi daga Kiyako, surukin maƙwabcin Malam Hambali, ya ji labari ya zo a auna masa gonarsa mai siffar ƙahon sa. Suka zaunar da shi, suka yi masa bayanin inda aiki ya tsaya, suka ce ya dawo in an gama. Ya dawo ya same su suna musu a kan layin da ya bar su a kai. Ya saurara na ɗan lokaci, ya sha zoɓon Hajiya Kubra, ya yi musu fatan alheri, ya koma ya shuka wakensa. Ya ce ai ita gonar ta san faɗinta.